Mutum-mutumin da Gara Ta Cinye

A Yasore, lokacin da muke yara, idan aka ce mutum-mutumi babu mai tambayar me ake nufi. Sanda ce a kafe tsakiyar gona, an gicciya mata wata, an rataya tsohuwar taguwa, an kifa sakaina ko yagaggiyar malafa a ka. Aikinsa ya tsaya ya tsorata tsuntsu idan gero ya fara ido. Kwana biyu ko uku yake yi ana jin tsoronsa, daga nan sai jan-baki su gane ba ya motsi, har ka tarar da su jere a kafaɗarsa. Shi ya sa ba a barin gona a hannunsa shi kaɗai, sai an tura mu da gwangwanaye da majajjawa tun da sanyin safiya.

Yau in ɗan ƙanwata ya ce mutum-mutumi, wani abu daban yake nufi: na'ura mai tayoyi da wayoyi da ɗan allon lantarki, wadda ake rubuta wa umarni ta bi. Abin da muka taɓa ƙerawa a makaranta, shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, ya ɗebo daga na gonar ya ɗebo daga na zamanin. Kwanakin baya yaron nan ya tambaye ni yadda muka yi shi. Na buɗe baki in ba shi amsa, na tarar rabin amsar ta gudu. Tun ranar abin yake ci mini rai.

Bari in faro daga kara, domin nan kowannenmu ya faro. Da an gama girbi an kai amfani rumbu, sai gari ya cika da karan dawa. Mu ɓare sille, mu yanka totuwa, mu soke da ƙayar aduwa. Kafin la'asar an sami mota, an sami jirgin sama, an sami tabarau. Wanda hannunsa ya faɗa sai ya koma langa-langa da gwangwanin madara, ya yanko tayoyi daga tsohon silifa. Akwai wani yaro da ya girme mu da kamar shekara uku, motarsa ta fi ta kowa. Yana riƙe da doguwar sanda daga tsaye, in ya murza ta sai tayoyin gaba su karkata kamar na motar gaske. Ba ya bayani, mu ma ba ma tambaya. Zama muke yi mu kewaye shi muna satar sana'a da ido. Ana haka mahaifinsa ya tura shi gabas karatun allo, sitiyarin nan ya tafi tare da shi. Kaka biyu muka yi muna gwadawa, ba wanda ya dace.

Haka ilimin hannu yake a wurinmu tun asali. Maƙeri yana koya wa ɗansa a bakin zuga-zugi, magini a bakin kwaɓa, mai gyaran rediyo a kan teburinsa na ranar kasuwa. Hanya ce mai albarka, ta riƙe mu ɗaruruwan shekaru. Sai dai tana da sharaɗi, mai koyarwa da mai koyo su zauna wuri ɗaya su daɗe. Ranar da ɗaya ya tashi, zare ya tsinke.

Na shiga sakandare a ƙarshen shekarun 1980, jim kaɗan bayan an yanko Jihar Katsina daga Kaduna a 1987. Zamani ne da ake ta zancen kimiyya. Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa tun 1977, sunansu ya cika Arewa, kowace jiha tana son irinsu. Tsarin 6-3-3-4 kuma, da aka fara a 1982, ya zo da darasin koyon fasaha a ƙananan azuzuwa, gwamnatin tarayya ta yi odar injuna daga ƙasashen gabashin Turai ta rarraba. A makarantu da yawa injunan sun tsufa cikin akwatunansu, ko don babu wuta, ko don babu wanda ya iya harhaɗa su. Abin da ya rayu a wancan zamani, a ganina, shi ne ƙungiyar JETS ta ɗalibai masu sha'awar ƙere-ƙere, wadda ake fafatawa daga shiyya zuwa jiha zuwa ƙasa baki ɗaya. Ita ba ta jira a buɗe akwati ba, da kayan bola take aiki.

Ranar da muka fara zaman ƙungiyar, malaminmu na fiziks ya jawo durowa ya fito da wani ɗan littafi. Har yanzu ina ganinsa a idona. Shafukansa ba su wuce ashirin ba, an ɗinke gefe da ƙarfen ɗinkin takarda wanda tsatsa ta fara zana wa da'ira. Da tafireta aka buga shi a kan sitensil, aka murza a injin nan na hannu da ake fitar da takardun jarrabawa. Wani wuri tawada ta yi yawa ta dame, wani wuri harafi ya huda takardar ya zama ɗigo baƙi. Zane-zanen kuwa da tsinin biro aka ƙarce su. Ba wata hukuma ce ta buga shi ba. Wasu 'yan malamai ne suka haɗu bayan wata gasar shiyya, suka ce kowace makaranta ta kawo bayanin abin da ta ƙera, suka tara kuɗin takarda daga aljihunsu.

Kowane aiki shafi biyu aka ba shi. Akwai murhun rana da wata makarantar 'yan mata ta yi da kwali da takardar azurfa ta kwalin taba. Akwai ƙararrawa mai kaɗawa idan tankin ruwa ya cika. Akwai injin ɓarar gyaɗa. A sama jerin kayan da aka yi amfani da su, a tsakiya zane da awo, a ƙasa kuma, nan ne wurin da na fi ƙauna, 'yan layuka a kan abin da ya ƙi. 'Yan matan nan sun faɗi cewa da farko sun bar murhun a buɗe, iska tana kwashe zafin, sai da suka rufa gilashin taga sannan ruwa ya yi ɗumi sosai. Masu gyaɗa sun faɗi cewa injinsu yana fasa ƙwaya in ba a yayyafa wa gyaɗar ruwa ba. Ban san fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba, amma a raina sun zama yayyena. Littafin ya zaga hannu fiye da talatin, muna karɓa da layi, har bangonsa ya yi laushi kamar tsumma.

Mu huɗu muka tsayar da shawara za mu yi mutum-mutumin gona mai motsi. Ni na kawo maganar, saboda na san azabar korar tsuntsu. Mun sami 'yar moto daga wata matacciyar rikoda, mun haɗa ta da batir huɗu na tocila. Matsala ta farko, gudu ya yi mata yawa, ga shi ba ƙarfi. In ka ɗaura mata hannun katako sai ta yi gurnani ta tsaya. Sati biyu muna nan, sai ɗayanmu ya koma shafin injin gyaɗa ya zura wa zanen ido. Ƙaramar gargare tana jan babba da bel, gudu ya ragu, ƙarfi ya ƙaru. Muka ɗauko ƙwaryar zaren ɗinki da murfin gwangwani, muka yanko bel daga tsohon tub na keke, muka yi hawa biyu. Daga babban murfin muka ɗaura wata 'yar waya a gefe, yadda juyi zai koma kai-komo. Ranar da hannun nan ya ɗaga ya sauka, ya ɗaga ya sauka, da gwangwanaye suna ƙara a wuyansa, ihun da muka yi sai da ya fito da mai gadi.

Matsala ta biyu ta fi wuya. In ya yi ta motsi ba tsayawa, batir zai ƙare kafin hantsi, tsuntsu kuma zai saba. Dole ya riƙa yi yana hutawa. Ba mu da agogon lantarki, don haka muka koma ga ruwa. Gwangwani a sama mai ɗan huji yana ɗiga cikin wani ƙarami da ke rataye a kan ƙusa. In ƙaramin ya cika sai ya rinjaya ya tuntsure, ya danna wasu 'yan faranti biyu su haɗu, wuta ta bi, mutum-mutumi ya farka. In ruwan ya tsiyaye sai gwangwanin ya koma mazauninsa. Wannan shi ne ran aikin gaba ɗaya, kuma shi ne na manta. Na san akwai ƙusa, na san akwai wani nauyi da muka ɗaura a gefe, amma inda muka huda, da abin da ya sa yake jinkirin komawa har motsin ya ɗauki lokaci, sun ɓace mini ƙat.

An ɗora shi a bayan a-kori-kura aka kai gasa. Mun zo na uku. Aka ba mu takardar shaida, aka ɗauki hoto, manya suka yi jawabi. A zangon nan aka yi wa malaminmu canjin wurin aiki, wannan shekarar kuma ba wanda ya tara bayanai. Aka jingine mutum-mutumin a sito. Da muka dawo daga dogon hutu, gara ta gama da katakon da taguwar, 'yar moton kuma wani ya cire. Ba mu zana ba, ba mu rubuta ba. Mun ci moriyar rubutun wasu, namu bai kai ga kowa ba, kuma wannan bashi ne da har yau nake jin nauyinsa.

Shi ɗan ƙanwar tawa a wani zamani ya tashi. Rashin tsaron da ya sami ƙasarmu ta Batsari da Safana, da duk garuruwan da ke maƙwabtaka da dajin Rugu, ba sai na faɗa wa kowa ba. Iyayensa na cikin waɗanda suka bar gona suka dawo birni. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da ɗari uku daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, aka rufe makarantun kwana, kuma ko bayan Allah ya kuɓutar da yaran, iyaye da yawa ba su ƙara sakin jiki da makarantar kwana ba. Sharaɗin nan da na ambata, na mai koyarwa da mai koyo su zauna tare su daɗe, shi ne abu na farko da rashin tsaro ya rusa. Maƙerin ƙauye yana acaɓa a birni, malamin da ya iya ya nemi canji, yaro yana sauya makaranta sau uku kafin ya gama.

Duk da haka hannun yaran bai mutu ba. Wani malaminsa ya samo masa allon Arduino daga Kano, da 'yan moto biyu, da idanun na'ura guda biyu, yana so ya haɗa 'yar mota mai bin baƙin layi da kanta. Malaminsa na biyu shi ne wayar mahaifiyarsa. Na zauna kusa da shi wata ranar Asabar ina kallo. Bidiyon bai kai minti ɗaya ba: kiɗa yana tashi, mota tana bin layi tana shan kwana, mai ita yana murmushi. Yaron ya tsayar, ya ja hoton da yatsu biyu ya faɗaɗa, ya kai fuska dab da gilashi yana son ganin inda jar waya ta shiga. Kwali ya rufe wurin. Ya mayar baya, ya sake tsayarwa. Na ƙirga, sau goma sha ɗaya. Zaman da muka yi a gaban mai motar langa-langa ne ya dawo, sai dai shi wannan gwanin yana wata ƙasa, kuma ba za ka iya leƙa ƙarƙashin motarsa ba.

Yadda abin yake aiki ba wani sihiri ba ne. Kowane ido yana haska wani haske da idon mutum ba ya gani, farin wuri ya maido da shi, baƙi ya shanye. In idon hagu ya hau baƙi sai tayar hagu ta rage gudu, motar ta karkato, haka ma dama. Amma tasa motar a ɗaki lafiya lau, da an fito tsakar gida sai ta haukace. Sati uku yana zargin umarnin da ya rubuta, ashe rana ce. Haskenta yana ɗauke da irin wancan hasken, yana makantar da idanun. Da ya yi musu 'yar rumfa da baƙin kwali, magana ta ƙare. Sannan ga allon yana mutuwa yana farfaɗowa duk sanda 'yan moton suka tashi, saboda suna zuƙe wutar batirin da suke tarayya a kai. Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san abubuwan nan biyu. Layi ɗaya a takarda ya isa ya cece shi. Bidiyo kuwa ranar nasara kaɗai yake nunawa.

"Kawu," ya ce da ni bayan na ba shi labarin namu, "to mi ya hana ku rubuta?"

Na ce, "Mun ɗauka akwai gobe, ɗana. Mun ɗauka wani zai tambaye mu tun muna tune."

Akwai kuma abin da mutanen birni suke mantawa. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi goma sha uku na Jihar Katsina, har da Batsari da Safana, aka kuma hana sana'ar cajin waya a wurare da dama, sai wajen ƙarshen shekara aka fara maido da layin. A watannin nan duk ilimin da ke intanet ya zama kamar babu shi ga yaron Yasore. Ko yanzu da layi yake nan, data kuɗi ce, caji kuɗi ne, waya kuma ta babba ce. Takarda ba ta neman ko ɗaya daga cikin waɗannan. In an gudu da dare ana iya cusa ta cikin buhu tare da tufafi.

Kada a zaci wannan damuwa ta talaka ce kawai. A Amurka, inda gasar mutum-mutumi ta ɗalibai ta fi ƙarfi, sun san ta. Wani injiniya, Dean Kamen, ya kafa ƙungiyar FIRST a 1989, aka yi gasar farko a 1992 a ɗakin wasannin wata makaranta a jihar New Hampshire da ƙungiyoyi 28. Duk watan Janairu ake bayyana sabon wasa, kuma shekaru da yawa sati shida kacal ake ba ɗalibai su ƙera na'urarsu. Da shekara ta juya wasa ya canza, sai a kwance ta bara a ɗebi kayanta. Ganin haka ne Vince Wilczynski da Stephanie Slezycki suka fitar da littafi a 2007 a kan na'urori talatin da suka yi fice a gasar 2006, da hotuna da zane da bayanin yadda kowace ƙungiya ta yi tunani, abin da ta gwada ta watsar da abin da ta tsaya a kai. Suka sake wani a 2008, na uku bai fito ba sai 2015. Mutanen da ke da bidiyo da kwamfuta fiye da kowa, har yanzu ana jin masu kira a cikinsu cewa a dawo da irin wannan littafi. Dalilinsu bai bambanta da nawa ba: ɗalibi shekara huɗu yake yi ya wuce, in ba a ɗaure abin da ya sani a wuri guda ba, na bayansa daga tushe zai faro.

Mu kuwa muna da misali da ya girmi Amurka. A 1206, a Diyarbakir cikin ƙasar Turkiyya ta yau, Isma'il al-Jazari ya kammala littafinsa na dabarun injiniya, bisa umarnin sarkin da yake wa aiki, wanda ba ya so ƙere-ƙeren su salwanta. Na'urori hamsin ya bayyana: agogunan ruwa, butocin alwala masu zuba ruwa da kansu, injunan ɗaga ruwa daga kogi, kowanne da zane da awo da yadda za a haɗa. Na'urorin sun daɗe da zama ƙasa. Littafin ya rayu, masu kwafi suka yi ta kwafa, Donald Hill ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1974, aka sake gina ɗaya daga cikin agogunansa a Landan a 1976 ta bin bayaninsa. Ranar da na fara ganin zanensa na ƙoƙon da ke cika ya tuntsure ya tayar da motsi, sai da tsigar jikina ta tashi. Gwangwaninmu ne, mutumin ya riga mu da shekara kusan ɗari takwas. Shi ana iya sake gina nasa, namu na shekara talatin ya gagara.

A nan gida ma ana iya auna bambancin. A 2007 labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin fiziks a Jami'ar Bayero, ya zaga duniya: ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin mota Honda Civic da tarkacen ƙarfe, har ya ɗaga daga ƙasa 'yan ƙafafu. Mun yi murna, mun yi alfahari, amma abin da jaridu suka kawo mana hoto ne da mamaki. Haka ake yi wa kowane yaro mai ƙira har yau, a nuna shi a talabijin, a ce gwamnati ta taimaka, a wuce. Dubi kuma Mohammed Bah Abba na Jigawa da tukunyarsa cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ruwa ke tashi daga jikinta yana ɗauke zafi, har gauta da ke lalacewa a kwana uku ya kai kusan sati huɗu. Ya sami kyautar Rolex a 2000. Abin da ya sa tasa ta yi nisa, ta haye har Sudan, shi ne ya fito da yadda ake yi fili, ya bi ƙauyuka yana nunawa, aka rubuta, aka zana, duk mai ginin tukwane ya iya kwaikwaya.

Buga ilimi da Hausa kuma ba baƙon abu ba ne gare mu. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya tun 1939. Rupert East da Abubakar Imam sun rubuta littattafan Ikon Allah, suka bayyana kimiyyar halittu da Hausar da ɗan firamare zai gane. A shekarun 1950 hukumar NORLA tana fitar wa larduna 'yan jaridunsu, na Katsina sunanta Himma. An yi wannan lokacin da babu kwalta zuwa mafi yawan garuruwanmu. Ɗan littafin durowar malaminmu, duk da ƙaunar da nake masa, da Ingilishi yake, kuma na tuna yadda muke tuntuɓe da kalmomi kafin mu kai ga ma'ana. Zanen ne yake ceton mu. In za a farfaɗo da shi, da Hausa nake so a yi, irin wadda makanike da mai walda da mai gyaran waya suke yi a bakin aiki, ba wadda aka zauna aka ƙago a ofis ba. Uban yaro ya iya karantawa, maƙerin unguwa ya duba zanen ya ce wannan ƙarfen ya yi siriri.

Gasa kam ba a rasa ba. Najeriya tana tura ɗalibai gasar FIRST Global tun da aka fara ta a Washington a 2017. Akwai gasar Afirka da Sidy Ndao ya kafa a Dakar. Gidauniyar Coderina tana shirya ta FIRST Lego League a nan ƙasar, hukumar NITDA kuma ta buɗe cibiyar ƙirƙirarriyar basira da mutum-mutumi a Abuja a 2020. A irin waɗannan gasanni alƙalai sukan nemi ganin littafin aikin ƙungiya, inda aka rubuta gwaje-gwaje mataki-mataki. Ke nan rabin aikin yara sun riga sun yi. Abin da ya rage a sami mai tarawa, ya tace, ya buga. Muna da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman a Katsina, ga Jami'ar Tarayya da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita a Dutsin-ma, ƙofar Safana. Malamai biyu uku masu kishi a ɗaya daga cikinsu sun isa. Ɗan littafin durowar malaminmu ma haka aka yi shi.

Na san abin da za a ce, domin yaron ma ya faɗa mini: in na rubuta, wani zai sace. Na fahimci tsoron, a ƙasar da mai ƙaramin ƙarfi ya saba ganin an ci guminsa. Amma wanda aka buga aikinsa da sunansa da sunan makarantarsa da shekara, shi ne mai hujja a hannu. Wanda ya ɓoye kuwa, in ya ga irin nasa a wurin wani gobe, da me zai kafa shaida? Kuma gaskiyar magana, motar bin layi ba sirrin da za a yi arziki da shi ba ce, tsani ce. Mu ma da bel ɗin masu gyaɗa muka hau.

Abin da zan roƙa kawai, kada a mayar da shi kundin hotunan manyan baƙi. Kada kuma a taƙaita ga waɗanda suka ci. Wanda ya zo na goma sau da yawa ya fi na ɗaya abin koyarwa, saboda ramin da ya faɗa shi ne wanda yaron ƙauye zai fara faɗawa. A faɗi kuɗin kowane abu da inda ake samunsa, a faɗi abin da zai maye gurbinsa in babu, domin mai zaune a Yasore ba zai je Kano neman 'yar moto ba alhali akwai mataccen rediyo a gidansu. A sa injin ɓarar gyaɗa kusa da na'ura mai allon lantarki ba tare da an raina ɗaya ba. A tura shi ta WhatsApp ga mai waya, a buga a takarda ga wanda ba shi da ita.

Makon jiya muka zauna ni da yaron a tsakar gida da gwangwanaye shida, da ƙusa, da bokitin ruwa. Na ce mu nemo abin da na manta. Huɗu muka ɓata. Na farko ya tuntsure bai dawo ba, na biyu ya ƙi tuntsurewa sam. A na biyar, yana riƙe da shi yana juyawa, sai ya ce, "Kawu, ko dai akwai wani ƙaramin huji a gindin, yadda ruwan ba zai zube gaba ɗaya ba?" Ban sani ba ko haka muka yi a wancan lokaci, amma da ya huda, ya ɗaura goro na keke a gefe, gwangwanin ya cika, ya sunkuya, ya daɗe a sunkuye yana tsiyaya, sannan ya miƙe a hankali.

Kafin ya sake taɓa komai na miƙa masa littafin rubutu mai shafi arba'in da biro. Ya auna da rula, ya zana, ya rubuta nisan ƙusar daga baki. Ya ware shafi guda ga gwangwanaye huɗun da suka ƙi, kowanne da dalilinsa. Ya ce zai kai a yi masa hoton takardar kwafi biyar, ɗaya na malaminsa, ɗaya nawa, sauran ukun zai ba direban da ke zuwa Batsari ranar kasuwa ya miƙa wa abokansa da suka rage a gida, tunda gero ya kusa fara ido.